Attarugun da Na Rena a Bayan Gida

Da na yi ritaya, sai na yanke shawarar renon irin dashe a bayan gidana a Tudun Wada. Aikin farko, Alhaji Sale, mai lambu a Dutsen Abba, ya ce in rena masa attarugu. Na samo takin juji, na baje, na yafa iri.

Kafin a ce kwabo, fangalin da na yafa irin a ciki ya yi kore shar. An ce attarugu jinkirin tsiro gare shi, amma ga nawa yana rige-rige. Na shiga majalisa ina buga ƙirji, ina cewa noma a hannu yake. Daga baya wasu 'yan tsirarun ganye suka fara leƙowa a tsakani. Na duƙa na tuge su tas, kada ciyawa ta cuci dukiyar mutane.

Ranar ɗauka Alhaji ya zo da keke-napep, ya bar 'yan ƙwadago suna jira a lambu. Ya tsuguna, ya murza ganye ɗaya.

"Malam, Allah ya saka da wahala," in ji shi. "Amma wannan alayyafo ne, taki ya zo da shi. Ina attarugun?"

Na kalli inda na watsar da ciyawar, ta bushe ƙurmus.

Bai yi faɗa ba, ya ma saya wa iyalinsa dami guda. Har yau, in an kawo tuwo majalisa, sai wani ya ce, "A ƙara yaji, amma ban da na Malam. Nasa ba ya sa hawaye, sai ga mai lambu."