Butar Abdulbaqi Mai Gindin Ƙwai

"Alhaji, ku ba ni wata guda kawai, sai na sa mutanen Dubai sun zo Sharaɗa koyon yin buta."

Abdulbaqi ke nan, yana cika baki a gaban Alhaji Inuwa, mai kamfanin robobi a nan Sharaɗa. Idan ba ka san Abdulbaqi ba, abokina, ba ka yi asarar komai ba. Shi ne dogon nan mai tabarau ba ciwon ido, wandonsa ya tsaya a ƙauri kamar mai shirin tsallaka kwata. Kwas ɗin zane ya yi a waya, tun daga nan ya daina ganin kowa da gashi. Abin da yake nema a duniya ɗaya ne: ofis mai sanyi a kamfanin Alhaji, da allo a ƙofa an rubuta Daraktan Ƙirƙira.

Shi kuwa Alhaji kasuwa ta ja baya, kamfanonin Challawa sun janye masa dillalai. Sai ya ce, "Malam Abdulbaqi, in butarka ta karɓu, ofis naka ne."

Gogan naka ya ɗaga tsohuwar butar kamfanin da yatsa biyu, kamar mushen ɓera.

"Alhaji, ku dubi mariƙin nan. Ƙauyanci ne zalla, a cire. Kalar kore da ja kuma sai ka ce zanin goyo. Baƙa za mu yi, wuluk. Gindin ma shafaffe, duniya ta wuce wurin. Zagayayye za a yi, irin na ƙwai."

"To yaya za ta zauna?" in ji Alhaji.

"A kan gammonta na roba. Ku bar min wannan, harkar dizain ce."

Gammon kuwa guda ɗaya tak aka yi, don ɗaukar hoto. Sarkin gwaninta bai tsaya nan ba. Ya sa Gidiyon, mai kula da injin niƙa roba, ya tattara duk tsofaffin butocin kamfanin, har na masallaci da na bayan gida, ya niƙe su. Wai kada baƙi su ga abin kunya.

Ranar ƙaddamarwa aka kafa rumfa, dillalai suka zo daga Dakata da Na'ibawa, har da na Maraɗi. Tun da safe Abdulbaqi ya cika butocinsa da ruwa, ya dasa su cikin tulin yashi a fili inda rana ke dukansu, domin a cewarsa nan haske ya fi kyau. Ya hana a dafa shinkafa, ya sa aka kawo shawarma. Baƙi suka shinshina suka ajiye, shi kuma don ya nuna musu wayewa ya yi ta loda wa cikinsa. Daga nan ya kama makirfo, ya yi ta zuba Turanci har aka kira Azahar.

To, ka san mutanenmu. Ana kiran salla kowa ya miƙe ya suri buta.

Alhaji Ya'u, babban dillalin Dakata, mutum mai tumbi da kwarjini, shi ya fara. Ya rungumo tasa da hannu biyu kamar kankana, ya tsuguna, ya tsiyaya a tafin hannu. Sai ya yarfe hannun yana salati.

"Wannan alwala za mu yi ko figar kaza?"

Baƙar roba ta sha rana tun safe, ruwan ya kusa isa haɗa shayi. Ya daure ya ajiye ta don ya wanke fuska. Yana sakinta ta kwanta, ta juye masa ruwa cikin takalmi, ta gangara. Alhaji Ya'u ya bi ta a tsugune, babbar riga na jan ƙasa. Kafin ka ce me, filin kamfani ya cika da butoci suna gudu, dattawa na binsu. Daga ƙarshe aka koma bibbiyu, wannan ya rungume buta yana zuba wa wancan.

Hajiya Uwani, wadda ita kaɗai take kwashe rabin kayan kamfanin, ta yafito Abdulbaqi da mayafi.

"Ɗana, ita butar nan, kowacce da yaron da zai riƙe ta ake sayarwa?"

"Hajiya, ba ku gane manufar ba. Zumunci take koyarwa."

"To a gidana akwai zumunci. Buta nake nema."

Ya buɗe baki zai kare kansa, sai cikinsa ya riga shi magana. Shawarma ta tashi neman hakkinta. Na rantse har tausayi ya ba ni, don gumin da ya keto masa ba na rana ba ne. Ya wawuri buta ɗaya ya nufi bayan gidan ma'aikata, yana tafiya yana matse ƙafa.

Bayan gidan nan ƙofarsa ta langa-langa ce, da tazara babba a ƙasa, daɓensa kuma gangare ne. Ba a jima ba sai ga buta ta mirgino ta ƙarƙashin ƙofa, babu ko ɗigon ruwa a cikinta, ta zo ta tsaya a gaban Alhaji Inuwa, wanda ya taho da dillalai suna yi masa ƙorafi. Sai wata 'yar murya ta fito daga ciki, babu Turanci ko kalma ɗaya.

"Gidiyon, ɗan'uwa, kana kusa? Don Allah taimaka min da tsohuwar buta."

"Oga, ai kai ka sa na niƙe su."

"Ko guda ɗaya ba ta tsira ba?"

"Sai da ka tsaya a kaina ka tabbatar."

Alhaji Inuwa ya sunkuya. Ya ɗauki butar, ya cika ta a famfo da hannunsa, ya miƙa ta ƙarƙashin ƙofar.

"Malam Abdulbaqi, ni ba na saɓa alkawari. Ga shaidu nan a tsaye. Ka fito da tsarkinka da wannan butar, ofis naka ne."

Dillalai suka jawo benci suka zauna, Hajiya Uwani ta aika a sayo mata gyaɗa. Har aka kira La'asar, butar ce kaɗai ke fitowa.