Kwaɗon Farfesa a Ƙofa Ta Goma Sha Bakwai

Jama'a, ranar Litinin ɗin makon jiya awa uku na yi a tsaye a barandar jami'a da kwalin littattafai a ka, kamar ɗan dakon da aka manta da shi a tasha. Har yau wuyana bai koma daidai ba. Laifina ɗaya ne: ni ne kawun sabuwar malama.

'Yar ƙanwata ce, Auta muke ce mata. Wani kamfani ya yi mata tayin aiki, ya ba ta zuwa Juma'a ta ba da amsa, ita kuwa koyarwa ce a ranta. Ni na ƙara zuga ta, na ce ai jami'a gidan mutunci ce. Bakin nan nawa, Allah ya shirye shi.

Gaskiya dai, a bikin maraba da sababbin malamai ba a yi rowa ba. Ga rumfa, ga lasifika, ga jaka mai tambari kowa ya samu, har ni ɗan rakiya. Ranka-ya-daɗe Sarkin Jawabi ya yi awa ɗaya da rabi yana shaida mana cewa malaman gidan nan uwa ɗaya uba ɗaya suke. Aka ce kowane sabon malami an haɗa shi da jagora cikin manya wanda zai riƙe masa hannu, aka kuma miƙa masa takarda mai lambar ofishinsa. Na yi tafi har tafin hannuna ya yi ja.

Muka nufi ofishi na goma sha bakwai. Wani ƙaton kwaɗo muka tarar a ƙofar, ya yi tsatsa, gizo-gizo har ya yi iyali a jikinsa. Mai shara ta ce na wani Farfesa ne da ya tafi hutun bincike na shekara ɗaya, bana shekara bakwai ke nan. Ta ce dokar gidan ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta: muddin kwaɗon babba na ƙofa, ɗakin nasa ne, kuma ba mai cirewa sai hannun da ya sa.

Na ce abu mai sauƙi, mu kai kuka wurin jagora. Auta ta buɗe takarda ta duba sunan jagoran nata. Farfesan ne.

Muka hau bene wurin Mai Girma Babban Mai Sa Hannu. Mutumin kirki, ya tausaya mana ƙwarai, har da girgiza kai. Nan take, ba tare da ɓata lokaci ba, ya kafa kwamitin mutum tara.

Da na ba maƙwabcina mai walda labari, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce minti biyu ya ishe shi da kwaɗon nan. Na ce masa ai shi ya sa bai zama babban mutum ba. Wa ya taɓa ganin an gama aikin hukuma a minti biyu? Ina zaman kwamiti da ruwan shansa, ina rahoto?

Auta ta fara aiki haka nan. Ta koyar da ɗalibai ɗari uku, ta fito ta zauna a benci ƙarƙashin matakala tana duba takardunsu a cinya. Wani ɗalibi ya zo ya ce mata 'yan mata a ɗan matsa. Ranar Laraba ta zo gidana idonta jawur, ta gaishe ni kawai. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi, kunya ta kama ni sosai. Washegari ta rubuta wa kamfanin cewa tana zuwa, ta sa takardar a jaka.

A bencin nan wata tsohuwar malama mai kaurin tabarau ta same ta. Su huɗu ne a ofishinsu, ɗakin da ko tela ɗaya zai raina. Ta ja Auta ciki, ta ture littattafanta gefe, ta ɗauki alli ta raba teburinta biyu.

“Zauna nan, 'yata,” in ji ta. “Ni shekara biyu na yi a bencin can, ba wanda ya ce mini sannu. Ba za a sake ba ina raye.”

Ɗaya ya ara mata kujera, ɗaya ya nuna mata ajin da fankarsa ke aiki, na ukun ya gaya mata wanda ake gaisarwa in ana son alli. Ba lasifika, ba jaka mai tambari. Auta ta yaga takardar kamfanin, na yi hamdala.

Kada ku ce manyanmu ba sa aiki. Jiya aka fasa kwaɗon nan, da izinin Farfesa ta waya. Kwamitin ne ya tare a ciki, don ya samu wurin zama ya yi nazarin matsalar Auta cikin natsuwa. Har sun aiko mata da takardar gayyata ta je ta yi musu bayani. A ƙasa an rubuta ta taho da kujerarta.