Yadda Ake Binne Kuskure a Ƙarƙashin Mataki Ɗari Huɗu

In kana zana inji a kwamfuta, ka san dogon layin nan na ƙasan allo mai ajiye duk abin da ka taɓa tun ranar farko. Ɗan tsegumi ne. Bi dabarun nan, na yi maka alkawari ba mai gano ɓarnarka. An gwada su a kan Zaharaddini na wajen Bagwai, wanda kawunsa Mati ya sayar da bijimi ya saya masa kwamfuta, bisa sharaɗi: injin ɓarar gyaɗa kafin kaka, ko ita ma ta ga kasuwa.

1. Kada ka raɗa wa komai suna

Bar su yadda manhaja ta haife su: zane na 87, yanka na 212. Mai neman kuskurenka sai ya ɓace. Kai ma haka, amma wannan daga baya ne.

2. Auna da abin da ke aljihu

Zaharaddini ya auna ramukan rariyar injin da gyaɗar da ya lalubo a aljihu, 'yar mitsitsiya ta bara. Bana kuwa gyaɗa mai bargo Kawu ya shuka, ƙwaya ɓul-ɓul. Awon nan shi ne mataki na uku. Ya ɗora wasu matakai ɗari huɗu a kan awon.

3. In ka gano, kada ka koma baya

Shi ya koma, sarkin gaskiya. Ya ja layi har yatsa ya sage, ya faɗaɗa rami ɗaya. Allo ya yi ja wur, ƙafafun inji suka haye kan murfi. Maida shi yadda yake, ka yi shiru. Masana sun ce abin da ba a taɓa ba bai lalace ba.

4. In dattijo ya zauna kusa, yi ta juya masa inji

"Kawu, ga shi ta baya. Ga shi ta ƙasa."

"Na gani. Wannan dogon layin fa?"

"Tarihin aikin ne, Kawu."

"To kai ni farkonsa. Ko gona daga kunyar farko ake duba ta."

5. Ce caji ya ƙare

Wannan ba ta ci a gidan da ke da sola. Kawu ya sa aka jawo waya, ya gyara zama, suka bi layi da baya ɗaya bayan ɗaya, daga azahar har la'asar. A mataki na uku ya ɗaga hannu.

"Ɗana, da wace gyaɗar ka auna?"

Hattara

Ni ban ce ka yi ba, rubutawa kawai na yi. Abin da ya biyo baya tsakaninka da kawunka ne. Mai ƙarin tambaya ya nemi Zaharaddini a zauren Kawu Mati. Yana da lokaci sosai, hannu ne dai ba zai iya ba ka ba: buhun gyaɗa arba'in aka zube masa ya ɓare da hannu, yana na shida.