Yadda Za Ka Yi wa Feret Tari a Gaban Suruka

Kwantar da hankalinka, ka zo wurin gwani. Na san matsalarka. 'Yarka Wafa tana kiwon feret, wata dabba mai dogon jiki kamar tunku, ga wari. Ƙwayoyin cuta sun kama masa ƙirji, yana tari, majina na zuba. Ana cikin haka surukarka Hajiya Tasallah ta sauka gidanka a unguwar Sih ta Madina don ziyara, matar da ko kyanwa ba ta yarda ta taka mata darduma. In ta ji irin abin da kake kiwo, girmanka ya zube daga nan har Kano. Bi matakan nan, ni na lamunce maka, ba za a taɓa kama ka da ƙarya ba.

1. Ɓoye majinyacin

Tura kejin bayan labule a ɗakin Wafa. In Hajiya ta tambayi warin, ka ce maƙwabta ne ke soya wani abu. Maƙwabci ɗan'uwa ne, ɗan'uwa kuwa don irin wannan ranar aka yi shi.

2. Karɓi tarin

Duk sanda feret ya yi "kyah" daga ɗaki, kai ma ka yi "kyah" daga falo. Kada ka makara, kada kuma ka yi tarin ƙato. Nasa siriri ne, sai ka matse murya. Da ma kunyar suruka ta hana ka ɗaga kai, wa zai ga bakinka?

3. Sha abin da aka ba ka

Hajiya za ta ce, "Baban Wafa, tarin nan bai yi mini ba. Khaulat, ɗora ruwa." Khaulat, matarka, ta san komai, za ta ɗora tana ƙunshe dariya. Citta, kanumfari, tafarnuwa, masoro. Ka shanye. Sannan a lulluɓa maka bargo ka yi sirace, a zafin Madina, da azahar. Ba a ce wa suruka an ƙoshi.

4. Kada ka sam masa

Zuciya za ta raya maka ka ɗiga masa jiƙon nan, ko ka gutsura masa ƙwayar ciwon kai. Kul. Maganin mutum guba ne gare shi. Wahalar taka ce kai kaɗai, ka riƙe abinka.

5. In abin ya fi ƙarfin labule

Hajiya za ta turare gidan da turaren wuta na bakhur don korar sanyi, hayaƙi ya isa bayan labule. Sai ga Wafa da dabbar a hannu, tana kuka: "Baba, ma yakul, ta'ban marra."

"Me ta ce?" in ji Hajiya.

Fassara da gaskiya: ba ya ci, ya galabaita. Numfashinsa da ƙyar, majinar ta yi kauri. Ga shi kuma yarinyar nan tana son abin nan kamar ranta. Hajiya za ta yi salati, ta dubi jikarta, ta ce, "Rai ne fa. Yalla, ina makullin mota?"

6. Gaban likitan dabbobi

Zai saurari ƙirjin, ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ce in an ba shi har ya ƙare zai tashi, in sha Allah. Ka yi hamdala, amma kada ka saki jiki. Zai ƙara da cewa feret kan ɗauki mura daga mutum, sannan ƙwayoyin cuta su biyo baya. "Akwai mai tari a gidan?"

"Ga shi nan tsaye," in ji Hajiya. "Tun da na sauka yake yi."

Khaulat za ta kalli bango. Wafa za ta kalli feret. Zaɓi biyu ya rage maka: ko ka zama wanda ya kusa kashe dabbar 'yarsa, ko wanda ya yi wa surukarsa ƙarya. Ka sunkuyar da kai, ka yi tari ɗaya, siriri.

Gargaɗi: in an ware maka kofinka, an hana ka kusantar kejin, Hajiya kuma ta ɗage ranar tafiyarta don ta yi jinyarka sosai, ni ban san ka ba. In mun haɗu a hanyar masallaci, ka gaishe ni daga nesa. An ce kana tari.