Gadon Maimuna a Motar Shara

Ba zan taɓa mantawa da wannan Juma'ar ba, ko da na so mantawa ma mutanen unguwarmu ta New Bell ba za su bar ni ba. Bari in ƙirga muku abin da na jefa cikin haɗari a kwana biyar: gadon ƙarfe ɗaya, katifar rimi ɗaya, kabad ɗaya mai ƙafa uku, kwalla biyu da tsatsa ta huda gindinsu, sai auren shekara goma sha shida. Kayan nan ni na kai su bakin titi da kaina. Auren ne ban san ya bi su ba.

A shekarun matsin nan ne, da muke ce wa kiris, lokacin da aka zaftare albashi, ana ta sallamar ma'aikata. Ni dillalin kayan gida ne na hannu. Da rediyo ɗaya a kan tabarma na fara, har Allah ya ba ni shago. Kuma gaskiya (Allah ya yafe mini) kiris ɗin da ta karya mutane ni kasuwa ta buɗe mini, don duk wanda aka sallama kujerun falonsa yake fara sayarwa. Sana'ar ta bar mini wata cuta guda: in na kalli abu, farashinsa kawai nake gani.

Wata rana aka kira ni unguwar Deïdo, gidan wani ma'aikacin ofis da ya tattara zai koma garinsu. A nan na ga gadon. Na katako ne, baƙi, mai nauyi, da madubi a wajen kai da 'yan aljihuna biyu a gefe. Karo na farko a rayuwata na sayi abu na ce ba na sayarwa ba ne. Na matata ne, Maimuna. Ta tafi unguwar Village mai nisa, gidan ƙanwarta da ta haihu, za ta yi mako tana taya ta jego, ta tafi da ƙananan yaran. Na ce kafin ta dawo zan gyara ɗaki, ta shigo ta rasa bakin magana.

Matsalar ita ce tsohon gadon. Na ƙarfe ne mai rumfa, ya lotsa a tsakiya, in ka juya sai ya yi ƙara har maƙwabta su san ka juya. Na fara gwada sayarwa, ai ni ne. Masu sayen tsohon ƙarfe suka ce a kawo su auna, na lissafa na ga ko kuɗin dako ba zai fito ba. Ana cikin haka mai unguwa ya zaga da sanarwa: hukumar gari za ta turo babbar tifa ranar Talata ta kwashe manyan tarkace kafin damina ta yi ƙarfi su toshe magudanan ruwa. Duk mai tsohuwar katifa ko mataccen firji ya kai mararraba, don mota ba ta shiga lungu. Kuma kyauta ne.

Kalmar kyauta ɗin nan ita ta cuce ni.

Ranar Litinin da la'asar, ido na ganin ido, na kira mai kura muka loda gado da katifa. Na ga akwai sauran wuri, na ƙara kabad da kwallayen. Ina gaba yana biye, muka ratsa lungu tun daga ƙofar gida har titi, ina amsa gaisuwa da fara'a. A mararrabar akwai Iya Asabe mai ƙosai, wadda ta fi rediyo saurin labari. Ta dubi kayan, ta dube ni.

"Alhaji, kayan wa nake gani haka?"

"Na Maimuna ne, Iya."

"Ina ita Maimunar?"

"Tana gidan ƙanwarta."

Ta ce, "Innalillahi!" Na ɗauka mai ne ya fallatsar mata.

A nan ya kamata in tsaya in faɗi abin da kowane ɗan Bahaushe ya sani. Gado da katifa da kabad da kwanoni ba na miji ba ne, kayan ɗaki ne, iyayen mace ke kawo su ranar jere. In ba tashi ake yi daga gida ba, ba sa fita sai an yi mutuwa ko an yi saki. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Amma ranar idon dillali na sa, ban ga kayan ɗaki ba, na ga ƙarfen da bai kai kuɗin dako ba.

Talata mota ba ta zo ba. Laraba ma haka. Aka ce babu mai, wasu suka ce taya ce. Ba wanda ya yi mamaki, shekarun haka suke. Abin da ya kamata ya ba ni mamaki shi ne kayana. A New Bell in ka ajiye karyayyar kujera a bakin titi, kafin ka waiwaya wani ya ɗauka. Firjin maƙwabcina ko awa ɗaya bai yi ba. Nawa kuwa suna nan, ba wanda ya taɓa ko kwalla. Da aka yi ruwa ranar Laraba ma, na tarar Iya Asabe ta lulluɓe katifar da leda ta danne da duwatsu. Na ce a raina, tsufa ya fara taɓa matar nan.

Sai gaisuwar mutane ta canza. Kowa, "Alhaji, ya haƙuri?" Ni kuma in ce, "Haƙuri sai ma'aikata, mu kam alhamdulillahi." Sai su kalli juna. Tanko mai tsire ya ƙara mini tsinke biyu ban tambaya ba, ya dafa kafaɗata ya ce, "Na taɓa shiga irin wannan. Watanni ukun farko ne masu wuya." Na ce masa ni ban ga wata wuya ba, rabon da in yi barci mai daɗi irin na makon nan na manta (sabon gadon nake nufi, Allah shi ne shaida). Tanko ya janye hannunsa a hankali. Matan maƙwabta kuma suka dinga aiko mini da tuwo, ina ci ina sa albarka, ina cewa unguwar nan akwai zumunci.

Juma'a da hantsi na yi wanka, na saka farar shaddata, babbar riga da 'yar ciki, na fesa turare. Sai na ji sallama. Ina leƙowa na ga Liman na masallacin lungunmu, a bayansa kuma surukina, Malam Garba, mahaifin Maimuna. Tsohon tela ne, mai kunya, wanda tun ranar jere, shekara goma sha shida ke nan, bai sake tako ƙofar gidana ba. Na cire takalmi na durƙusa.

Bai amsa gaisuwar da tsawo ba. Ya ce, "Gadon nan da ke kan titi, wata bakwai ina taka keken ɗinki kafin in haɗa kuɗinsa. Ni na raka shi har ƙofar nan. Kwana huɗu ke nan ina canza hanya in zan je kasuwa don kada in gan shi." Sannan ya ce, "Ban zo rigima ba. Faɗa mini kawai, ɗaya ne ko uku, in san yadda zan yi da ɗiyata."

"Ɗaya ko uku na me, Baba?"

Liman ya ce, "Saki, Alhaji."

Wallahi a lokacin ne komai ya faɗo mini a kai gaba ɗaya: ledar Iya Asabe, tsiren Tanko, tuwon da na cinye. Na fara rantsuwa ina in'ina, na ce tsufa gadon ya yi, sabo na saya mata, yana ciki. Na roƙi Liman ya shiga ya gani da idonsa. Ya shiga, ya fito yana shafa gemu.

"Gado dai akwai, Malam. Har da madubi."

Malam Garba ya girgiza kai. "To ashe gaskiya ne. A lungu an ce amaryar 'yar Deïdo ce. Yaushe za ta tare?"

Da ƙyar Liman ya shawo kansa. Sannan ya juyo gare ni ya ce rantsuwata ba za ta zaga unguwa ba, abin da ido ya gani shi zai zaga. Da rana na fitar da kayan, da rana zan mayar da su, da hannuna, kowa yana kallo, kuma kafin labari ya kai Village.

Bai rufe baki ba muka ji ƙahon mota daga titi. Motar da ta yi kwana uku ba ta zo ba.

Ban san ina da gudu ba sai ranar. Na tattare babbar riga na zuba a guje ba takalmi. Na iso na tarar Iya Asabe tana ɗaga wa ma'aikatan matsamin ƙosai tana cewa kayan marainiyar Allah ne, su kuwa sun riga sun gama lodi. Ga ƙafafun gadon can sama, sun miƙe a kan tarin shara. Na tari shugabansu, wani gajere mai takalmin roba, na ce a sauke mini kayana.

Ya amsa da Faransanci, ransa a ɓace. "Patron, tun Talata kuke zaginmu ba mu zo ba, yau mun zo kana cewa mu sauke? Man da aka ba mu kaɗan ne, ba ma tsayawa. In kana so, hau ka zaro abinka, a tari na gaba ka sauka."

Na waiwaya. Malam Garba ya iso bakin lungu, yana dogara sanda, yana kallona. Na taka taya na hau.

Ashe ba manyan tarkace kaɗai suka kwasa ba, sun haɗa da sharar kasuwa ta kwana da kwanaki. Ƙafata ta nutse har gwiwa cikin ɓawon ayaba da kawunan kifi da wani baƙin ruwa da har yau ba na son sanin asalinsa. Kabad ɗin ya riga ya dagargaje. Na rungumi kan gadon, motar ta tashi a hankali, kamar ta ɗauko ango. Kuma don Allah ya cika mini rabona, hanyar tari na gaba ta gaban shagona ta bi, daidai lokacin da 'yan kasuwa ke rufewa za su tafi masallaci.

"Kai! Ba Alhaji ba ne wancan?"

"Alhaji, kiris ɗin har ta kai nan?"

"Ashe nan kake saro kayan! Shi ya sa kake mana sauƙi!"

"Nawa gadon, Alhaji? Da kifin ko ban da kifin?"

Na ɗaga musu hannu (ban san dalili ba, har yau ina tambayar kaina). Sai na lura da wani ɗan bensikin, mai babur ɗin haya, da ya biyo mu a baya yana ta ƙaho. A bayansa wata mata ce da mayafi ruwan toka wanda ni na saya. Labari ya riga ni zuwa Village.

Motar ta tsaya. Maimuna ta sauka, ta biya mai babur, ta gyara mayafi, ta ɗaga kai ta dube ni tun daga hula har inda shara ta haɗiye ni.

"Baban Sani, sauko."

"Sai da gadon," na ce.

Na ga tana danne dariya a gefen bakinta. "To riƙe shi da kyau. Ƙafar hagu ta baya tana zarewa."

Ma'aikatan suka taya ni saukewa suna dariya. Katifar kam ba ta cetuwa, ko Maimuna da ta leƙa ta ce a bar wa hukuma. Na ɗora kan gadon a kaina, Tanko da wani suka ɗauki sauran, muka kamo hanya. Muna isa mararraba Iya Asabe ta rangaɗa guɗa, matan lungu suka fito suka amsa, aka raka ni har gida kamar ranar jere. Malam Garba kuwa, da na wuce ta gabansa sai ya toshe hanci ya ce, "Allah ya yi albarka." Sallar Juma'a a sahun ƙarshe na same ta, bayan wanka biyu, duk da haka na kusa da ni sai da suka bar tazarar da ba a san sahu da ita ba.

Da yamma Maimuna ta zauna a bakin sabon gadon, ta shafa katakon, ta buɗe aljihunan, ta duba fuskarta a madubi. Na ce a raina, to, ko yanzu na ci riba.

Ta ce, "Yana da kyau. Gobe a kai wa Baba, bayansa na ciwo."

"A kai wa Baba? Mu fa?"

"Da ka tambaye ni, Baban Sani, da ni zan riƙe maka ƙafa ɗaya mu fitar da tsohon nan. Shekara biyar yana cin bayana, kunyar Baba ce ta hana ni magana. Amma yanzu da duk New Bell ta ga ka hau motar shara saboda shi, in ya sake fita me za a ce?"

Ga yadda lissafin ya tsaya. Na rasa katifa, da kabad, da kwalla biyu, da farar shadda, da gadon katako mai madubi, wanda surukina ya kwana a kai har ƙarshen rayuwarsa yana yabon kirkina. Na samu suna, don har gobe in ka ce Alhaji Mai Tifa a kasuwa za a nuna maka shagona. Na tsira da matata. Na kuma tsira da gadon ƙarfe, wanda yanzu ba mai iya fitar da shi, yana nan yana sanar da maƙwabta duk juyin da na yi. Tun daga ranar, ko tsintsiya ce ta ƙare a gidan nan, ba na kai ta bakin titi sai na tambayi wanda ya shigo da ita.