Sosan da Na Cusa a Salansa

Ƙanwata Rabi tana digiri na biyu a kemistiri. Wata Asabar ta nuna min wani farin abu kamar soso a kwalba, ta ce roba ce mai ƙananan ramuka, tana zuƙe iskar kabon ta riƙe. Wata huɗu ta yi tana haɗa shi.

Ni da na ci kemistiri da ƙyar a sakandare, nan take na ji na fi ta ganewa. Tana shiga wanka na zura kwalbar a aljihu, na nufi majalisarmu ta 'yan yadi a Fagge.

"Yau hayaƙi ya ƙare a Kano," na ce, ina gyara hula, na nuna musu kwalbar ƙanwata.

Alhaji Sule ya dube ni ta saman tabarau. "Malam, mai abin ta sani?"

"Alhaji, ilimin a jini yake."

Na tsayar da mai adaidaita sahu, na tsuguna na cusa sosan a salansa, na ce ya ba ta wuta. Injin ya yi tari sau biyu, ya tofo min abin a ƙirji, baƙi ƙirin, ya narke a farar shaddata. Sai Alhaji Sule ya ce, "To, ya dai kama hayaƙin."

Rabi ta yi sati uku ba ta gaishe ni ba. Har yau in babur ya wuce yana hayaƙi, sai majalisa ta juyo gaba ɗaya: "Farfesa Salansa, aiki ya samu."