Gurbin da Ya Ɗauki Alhaji Uzairu

Daga Ƙofa har Kwanar Dangora, Allah bai yi gwanin takarda kamar Alhaji Uzairu ba. Shekara talatin ya yi yana buga hatimi a sakatariya, kuma tun da ya yi ritaya yake jin haushin duniya da ta ci gaba da tafiya ba sa hannunsa. Biro uku ne a aljihunsa, ɗaya ke rubutu. Sunansa kuwa ba a faɗarsa da numfashi ɗaya: Alhaji Dakta Uzairu Haladu, Tsohon Babban Akawu, Garkuwan 'Yan Fansho. Wanda ya ba shi daktan har yau ana cigiyarsa.

Ƙanwarsa Salamatu ta shekara goma sha ɗaya da aure ba haihuwa. Sai ga saƙo daga zangon Kumasi, can ƙasar Gana: ƙanin mijinta ya rasu, matarsa ta riga shi, an bar Hasiya 'yar shekara biyar, kuma dangi sun yarda Salamatu ta ɗauke ta riƙo. Mijin yana tsakiyar noman rani, don haka Alhaji ya naɗa kansa muharrami kuma shugaban tawaga.

Abu ɗaya ke damun Salamatu. An ce yarinyar mai laulayi ce, kuma kakarta ta rantse in aka ga alamar ba za su iya da lafiyarta ba, ba inda za ta. Shi ya sa Salamatu ta dage a yi inshorar tafiya.

A ofishin inshora a Kano, ma'aikaciyar, Ummulkhairi, ta miƙo fom za ta yi bayani. Alhaji ya ɗaga mata hannu.

"'Yata, tun ba a yaye ki ba nake cike fom. Ni fom ke tsoro."

Ya duba gurbin suna, ya ga ko Dakta ba zai ɗauka ba. Wannan ai raini ne. Ya juya shafi, ya tarar da wani gurbi mai faɗi, layi shida, daidai mutum irinsa. Nan ya baje sunansa har da Garkuwa. Na Hasiya ya bar shi fayau, wai marainiya me ta tara da za a yi wa inshora?

Salamatu ta bari ya fita, ta dawo kamar ta manta jaka, ta sa aka rubuta sunan yarinyar da na mahaifinta. Ummulkhairi ta bi Alhaji har mota tana nuna masa shafi na biyu. Ya ce gwamna ma bai taɓa gyara masa rubutu ba.

Ana gobe za su baro Kumasi zazzaɓi ya kwantar da Hasiya. Asibiti suka duba takarda, suka ba ta gado ba gardama. Kwana biyu ta tashi, tana riƙe da gefen zanin Salamatu. Kakar ta share hawaye ta ce Allah ya raya.

Alhaji ya tsaya a matattakalar asibiti yana yi wa nas-nas bayanin cewa hangen nesansa ne ya ceci yarinyar. Yana cikin nuna musu yadda ake riƙe biro ya taka babbar rigarsa. Ƙafa ta gurɗe.

Aka ɗauko shi ranga-ranga. Ya buga takardar a tebur, ya ce ɗaki na musamman yake so, mai talabijin. Akawun asibitin, wani Bahaushen zango, ya karanta shafin farko, ya juya na biyu, sannan ya ɗago kai ya dubi Alhaji.

"Baba, sunanka a jerin kayan matafiya yake, inda ake rubuta akwati. Kamfani ba ya yi wa akwati magani. Sai in ya ɓata suke biya."

Salamatu ta gyara goyon Hasiya, ta sunkuya kusa da kunnensa cikin ladabi.

"Yaya, ko mu yi gaba mu ce ba mu gan ka ba?"